Bindigar da ta ƙi sakin kwanso: nazarin gyaran wata bindigar farauta mai ja-da-turawa

## Bindigar da mai ita

Bindigar geji 12 ce (geji ma'aunin faɗin cikin bututu ne), irin wadda ake jan mariƙinta na gaba zuwa baya a sake tura shi gaba tsakanin harbi da harbi. Bututunta inci 28 ne, an kuma buga a jikinsa cewa ɗakin harsashinta, wato mazaunin harsashi a gindin bututu, na ɗaukar mai tsawon milimita 76, wato inci 3, haka ma mai milimita 70. Mai ita mafarauci ne mai lasisi, tsuntsaye yake bi da ƙananan namun daji. A hannun wani ya saye ta, ya shekara tara da ita ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Tsarin irin wannan bindiga tsoho ne. John Browning ne ya zana Winchester 1897, Remington ya fito da samfurin 870 a 1950, Mossberg 500 ta biyo baya a farkon shekarun 1960, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake ƙerawa yau sawun waɗannan suke bi. Abin da ya sa mafarauta ke riƙe da ita shi ne ba ta jiran ƙarfin albarushi ya canza mata harsashi, hannun mai harbi ne ke yin aikin.

Ga yadda aikin yake. In an ja kunama, guduma ta bugi allura, allura ta soki idon da ke tsakiyar gindin harsashi, wuta ta tashi. Faɗuwar gudumar ce kuma ke sakin mariƙi. Da an ja shi baya, sanduna biyu na ƙarfe da ke haɗe da shi sai su sauke makullin da ya riƙe sakata, wato ƙarfen da ke toshe bayan harsashi, a gindin bututu. Sakata ta ja baya, wata ƙaramar ƙugiya da ke gefenta tana riƙe da leɓen kwanso, wato ɓawon harsashin da aka harba, tana janyo shi, har gindinsa ya ci karo da wani ɗan tudun ƙarfe da ke wurgo shi waje ta tagar gefe. A cikin wannan ja ne guduma ke sake ɗanuwa, a ƙarshensa kuma rumbun da ke ƙarƙashin bututu ya saki harsashi ɗaya tak ya faɗo kan maɗauki, ɗan ƙarfen da ke ɗaga shi zuwa ɗaki. Matarai biyu ne a bakin rumbun ke tabbatar da haka, ɗaya ya saki na farko, ɗayan ya tare na bayansa. In an tura mariƙi gaba, maɗauki ya ɗaga harsashin, sakata ta shigar da shi ɗaki, makulli ya koma mazauninsa.

Mai bindigar kusan kullum harsashi mai milimita 70 yake sa mata. Bayan kowace fita yakan zura tsumma a bututu ta baki, ya shafe jikinta da mai, ya mayar da ita jaka. Bai taɓa cire bututun ba. Kafin matsalar ta fara, bindigar ta yi wata biyar a cikin jaka mai soso, a ɗakin da laima ke kamawa lokacin ruwan sama.

## Mako na farko: ta fara cijewa

Da lokacin farauta ya dawo ya sayi harsasai sababbi, wani iri mai araha da bai taɓa amfani da shi ba, har da kwali ɗaya na masu milimita 76. Ya je gwaji kafin ya shiga daji. Harbin farko mariƙi ya zo da ɗan nauyi. Na biyu ma haka. A na huɗu ya cije ƙememe, sai da ya kama da ƙarfi ya fizga sannan kwanson ya fito. Da ya sa mai milimita 76, mariƙin ko gezau bai yi ba.

Abin da ya yi a nan shi ne abin da mutane da yawa ke yi: ya danna maɓallin sakin mariƙi, ya riƙe mariƙin, ya doka gindin bindigar a ƙasa. Ta buɗe, amma kwanson bai fito ba. Ƙugiya ta suɓuce daga leɓensa ta bar shi a ɗaki. Ya ɗauko sukudireba ya zura ta taga ya banƙaro shi.

Cikin harsashi 25 da ya harba ranar, 9 sun cije, 3 daga ciki sai da sukudireba. Ya lura da abu ɗaya bai ba shi muhimmanci ba: in ya loda harsashi bai harba ba, ya ja mariƙi, harsashin na fita sumul.

## Mako na biyu: mai

Ya ɗauka zaman da ta yi ne ya busar da ita. Ya samo man feshi ya fesa ta taga, ya fesa ta ƙasa wajen maɗauki, ya fesa a jikin sanduna, a ramin allura, har cikin rumbu. Ya yi ta ja yana turawa har mai na ɗiga a gwiwarsa. Ba harsashi a ciki, bindiga na tafiya lafiya lau.

A daji abin bai canza ba. Kwanso na cijewa yadda yake yi. Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya, don a fita ta biyu, da sanyin safiya, ya ja kunama ya ji ƙas, ba wuta. Ya yi abin da ya kamata a nan: ya bar bakin bindiga na kallon inda ba kowa, ya jira daƙiƙa 30 ko harsashin mai jinkirin tashi ne, sannan ya buɗe. A idon harsashin akwai ɗan lotsawa marar zurfi, da ƙyar ake ganinta. Ya sake sa shi, ya tashi a bugu na biyu. Hakan ya faru sau biyu a makon.

Daga nan matsalar ta zama biyu a idonsa, kuma dukan gindin bindiga a ƙasa ya zame masa jiki.

## Mako na uku da na huɗu: sabuwar ƙugiya

Wani abokin farautarsa ya duba ya ce ƙugiya ce ta cinye, tunda ita ke sakin kwanso. Maganar ta yi kama da gaskiya. Ƙugiya na cikin abubuwan da ke lalacewa a irin wannan bindiga, bakinta kan dakushe, ɗan sifirin da ke bayanta kan yi sanyi. Ya yi odar sabuwa da sifirinta, ya jira kwana goma, suka zauna da abokin suka canza.

Sakamakon ya ba su mamaki. Ƙugiyar ta daina suɓucewa, sai dai mariƙin ya ƙara tauri, don yanzu tana riƙe da kwanson gam ba ta saki. Da ya doka gindin a ƙasa, sai ta ɓalle wani yanki na leɓen kwanson ta fito da shi, sauran kwanson na ciki. A wannan dukan ne katakon gindin ya tsage a ƙasa, tsagin ya kai tsawon santimita 4.

Nan ya haƙura, ya kai ta wajen mai gyaran bindiga. Sa'ar da aka yi, ya zuba kwansunan da ya harba a leda ya tafi da su, ba don ya san za su yi amfani ba, sai don ya nuna yawan asarar da ya yi.

## Mako na biyar, rana ta farko: a teburin mai gyara

Mai gyaran ya fara da tabbatar da ba komai a ɗaki da rumbu, da ido da kuma yatsa. Sannan bai taɓa sukudireba ba, sai ya zazzage ledar kwansuna a tebur ya ce mai ita ya ware masa waɗanda suka cije in yana iya tunawa. Ba a ma buƙaci tunawa ba. Waɗanda suka cije duk suna da ƙarce-ƙarce a tsaye a jikin ƙarfen gindinsu, layi-layi kamar an ja su a kan tsakuwa, robar jikinsu ma ta goge a wuri ɗaya, ta yi fari. A leɓen wasu akwai gurbin haƙorin ƙugiya mai zurfi, a biyu kuma leɓen ya yage.

"Malam, ƙugiyar da ta yaga ƙarfe ba ta gaza ba," in ji shi. "Wani abu ne ya fi ta riƙo."

Ya ɗauko maganaɗisu ya kara a gindin kwansunan. Duk sababbin suka manne. A cikin ledar akwai tsofaffi guda huɗu, ragowar na bara, biyu daga ciki ba su manne ba, kuma jikinsu sumul yake. Launin duka ɗaya ne, ruwan tagulla, amma yawancin harsasan yau gindinsu baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufin tagulla ko wani ƙarfe a sama. Bambancin yana da tasiri. Lokacin harbi matsin da ke cikin harsashin geji 12 na iya kai wa fam 11,500 a kan kowane murabba'in inci, iyakar da ƙa'idar masana'antun Amurka ta sa wa masu milimita 70 da 76 ke nan. Wannan matsi na buɗa gindin kwanso ya manne da bangon ɗaki. Tagulla na komawa kusan yadda take da zarar matsi ya sauka. Baƙin ƙarfe ba ya komawa sosai. In bangon ɗaki santsi ne, ba a jin bambancin. In yana da kaushi, ƙarfen da ya buɗe sai ya shiga cikin kaushin ya zauna.

Daga nan ya loda harsasan gwaji, waɗanda ba albarushi a cikinsu, ya ja ya tura. Suka shiga suka fita, ƙugiya na kamawa, tudu na wurgowa. Wannan ya wanke sakata da ƙugiya da mai wurgowa. Ya kwance murfin rumbu ya zare bututu, ya karanta rubutun da ke jikinsa don ya tabbatar ɗakin na milimita 76 ne da gaske. Ba ƙaramin bincike ba ne wannan. Tsawon da ake rubutawa a kwalin harsashi tsawon kwanso ne bayan ya buɗe, don haka mai milimita 76 da ba a harba ba zai shige ɗakin milimita 70 ba tare da gardama ba. Sai an harba bakinsa ya rasa wurin buɗewa, matsi ya hau, kwanso ya cije, wani lokaci abin ya wuce cijewa. A nan dai rubutun ya yi daidai da harsasan.

Ya riƙe bututun a tsaye, ya saki harsashin gwaji a ɗaki. Ya faɗa da nauyinsa, da aka kifa ya zubo. Ya ɗauki kwanson da aka harba ya gwada, ya tsaya a rabi, sai da babban yatsa. Sannan ya haska tocila ta baki ya leƙa ta gindi, ya miƙa wa mai ita ya leƙa.

Bututun kansa yana ƙyalli. Ɗakin harsashi kuwa ja ne da baƙi. A bayansa, daidai inda ƙarfen kwanso ke zama, tsatsa ta yi dabbare-dabbare. Can gaba akwai zobe baƙi mai kauri da ya zagaye bango. Mai gyaran ya zura tsinken tagulla ya kankaro shi, ya fito da wani abu mai tauri, haɗin toka da narkakkiyar roba. Asalinsa a fili yake: kwanso mai milimita 70 a ɗaki mai 76 yana barin milimita 6 a gaba, a nan dauɗar kowane harbi ke taruwa shekara da shekaru. Mai milimita 76 in ya buɗe, a kan wannan zoben bakinsa ke kwanciya. Dalilin da tsummar mai ita ba ta taɓa share wurin ba shi ma ma'auni ne. Faɗin cikin bututun geji 12 kimanin milimita 18.5 ne, ɗakin harsashi kuwa ya haura 20. Tsummar da ta cika bututu tam, in ta iso ɗaki sai ta wuce tana lilo.

A bakin ɗakin, kusa da gurbin ƙugiya, sukudireba ta bar wani ɗan ƙarfe a tsaye. In ka shafa da farce za ka ji yana kamawa.

## Mako na biyar, rana ta biyu: gogar ɗaki

Ya jiƙa ɗakin da sinadarin narkar da dauɗar albarushi ya bar shi ya kwana. Da safe ya fara da buroshin tagulla na ɗaki, wanda ya fi na bututu kauri, yana juyawa da hannu. Zoben ya fita gutsure-gutsure. Tsatsar ba ta fita duka ba.

Sai ya naɗe tsohon buroshi da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, ya ɗiga masa mai, ya ɗaura a guntun sandar wanki, ya sa a injin huda. Ya kama bututun a matsi da katako a kowane gefe don kada ya ƙarce. Yana tafiyar da injin a hankali, yana kai da komo ba ya tsayawa wuri ɗaya, kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, sai ya tsaya ya share, ya haska, ya gwada da kwanson da aka harba. A zagaye na farko tsumma ta fito ja. A na uku ta fito toka-toka. A na biyar kwanson da jiya ya tsaya a rabi ya shiga da ɗan taɓi, ya fito da farce.

A nan ya tsaya, ko da yake akwai 'yan ramuka uku ƙanana da tsatsa ta ci waɗanda ba su ɓace ba. Mai ita ya tambaya ko za a ƙara da takarda mai yashi a gama da su. Mai gyaran ya ce a'a. Ɗakin harsashi ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ɗan tsukewa daga kimanin milimita 20.6 a baya zuwa 20.3 a gaba, kuma wannan tsukewa na taimaka wa kwanso fita. Burin gogar shi ne a cire abin da ya hau kan ƙarfe, a kashe kaifin bakin ramukan. In aka ci ƙarfen kansa har ɗaki ya faɗaɗa, kwanso zai ƙara buɗewa, yana iya tsagewa, kuma ƙarfen da aka cire ba ya dawowa. Haka nan bai bar soson ya taɓa gurbin da leɓen harsashi ke zama ba, don zurfin wannan gurbi ne ke ƙayyade tazarar da ke tsakanin harsashi da fuskar sakata. Ɗan ƙarfen da sukudireba ta tayar kuwa, da ƙaramin dutsen washi ya kwantar da shi, shafa uku ko huɗu.

Ya koma kan sakata. Da ya fitar da allura, ramin cike yake da wani baƙin danƙo, man feshi ya haɗu da tsohuwar toka da ƙura. Da sanyi wannan danƙo na ƙara kauri ya rage wa allura gudu, shi ya sa bugun safiya ya zo da rauni. Allurar ba ta karye ba, bakinta bai dakushe ba. Ya wanke ramin ya busar, ya mayar da ita kusan a bushe. Sandunan mariƙi ya kwantar da su a kan gilashi ya duba ko dukan ƙasa ya lanƙwasa su. A miƙe suke. Ya gwada tsohuwar ƙugiyar da aka cire, ya ce da sauranta, a ajiye. Tsagin katako ya buɗa shi kaɗan ya ɗura gam ya ɗaure.

Da yamma ya harba kwali ɗaya na harsasan da suka fi cijewa. Ba wanda ya cije, ba wanda ya ƙi tashi. Amma da yake ɗaya-ɗaya yake sa su ta taga don ya duba kowane kwanso, rumbu bai shiga gwajin ba.

## Mako na shida: harsashin ƙarshe

Kwana huɗu bindigar ta dawo. Kwanso na fita, in ji mai ita, sai dai harsashin ƙarshe a rumbu wani lokaci ba ya fitowa. Ya ja, ya tura, ya ja kunama, ɗaki wayam. Ya ce yana jin abin ya taɓa faruwa tun makon da ya fesa mai, amma cijewar ta rufe shi.

Cewa na ƙarshe ne kaɗai ke maƙalewa ya taƙaita binciken. Sifirin rumbu ya fi ƙarfi in rumbu a cike yake, ya fi rauni in saura ɗaya. Da matarai ne suka lanƙwashe ko suka saɓa lokaci, da matsalar ba za ta zaɓi na ƙarshe ba, kuma sau da yawa akan ga akasin haka, biyu su fito tare su toshe maɗauki. Duk da haka mai gyaran ya kifa bindigar ya ja mariƙi a hankali yana kallonsu, ya ga kowanne na motsi a lokacinsa.

Ya cire abin da ke tare sifirin a bakin rumbu, tafin hannunsa a kai, don sifirin na iya tsalle ya sami ido. Sifirin ya fito da tsatsa a wurare, ya kuma gajarce in an jera shi da sabo. A cikinsa akwai sandar katako. Irin wannan sanda ana sa ta ne don a rage yawan harsashin da rumbu ke ɗauka. A Amurka, misali, tun 1935 doka ta hana farautar tsuntsaye masu ƙaura da bindigar da ke ɗaukar fiye da harsashi uku, shi ya sa bindigogi da yawa ke fitowa daga masana'anta da ita a ciki. Wannan ta sha laima ta sha mai, ta kumbura, gefenta ya tattashi yana kama zoben sifirin. Kofin da ke tura harsasai kuwa sai da aka turo shi da sanda. Jikinsa ya yi kauri da danƙo, har da ƙwayoyin ciyawa.

Ya wanke cikin rumbun da buroshi da tsumma har ya bushe, ya saki kofin ta sama ya faɗo ƙasa da kansa. Wannan ya nuna rumbun bai lotsa ba, don ko ƙaramar lotsawa a jikinsa na tsayar da kofi. Ya sa sabon sifirin da sandar roba mai tsawon tsohuwar. Rumbu, in ji shi, ba ya son mai, in ban da shafa ɗaya da ba ta barin danshi a yatsa.

Ya cika ya zazzage da harsasan gwaji sau da yawa, sannan ya harba kwali ɗaya daga rumbu. Duk suka fito.

## Mako na bakwai: hannun mai ita

Wannan karon tare suka je filin gwaji. A hannun mai gyara bindigar ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. A hannun mai ita, cikin harsashi 25 ta tsaya sau uku. Sau biyu kwanso ya maƙale a taga rabinsa a waje, sau ɗaya ta rufe a kan ɗaki wayam.

Mai gyaran ya tsaya a gefensa yana kallon hannun hagu maimakon bindiga. Makonnin cijewar nan sun koya wa hannun wata ɗabi'a: ya fizgi mariƙi da ƙarfi a farko, yana jiran turjiya, da ya ji ya saki sai ya sassauta ya juya gaba tun bai kai ƙarshe ba. Saura kamar santimita 1 ko 2. Amma a wannan ɗan ragowar ne gindin kwanso ke haɗuwa da mai wurgowa da ƙarfi, a nan ne kuma rumbu ke sakin na gaba. Wanda ya rage jan, ko dai kwanso ya fita da sanyin jiki ya maƙale, ko ya fita amma sabo bai hau maɗauki ba.

Maganin ba na tebur ba ne. Ya ba shi harsasan gwaji ya ce ya riƙa yi a gida, bayan ya tabbatar ba harsashi mai rai ko ɗaya a bindigar ko a wurin da yake gwajin: ya ja har ya ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, ya tura har ya ji ta kulle, gindi na kafaɗa ba ya saukewa. Bindigar an yi ta ne a ja ta da ƙarfi, lallaɓawa ce ke sa ta tuntuɓe. Bayan mako biyu ya harba kwali biyu ba tsayawa.

## Abin da ya faru da dalilinsa

Asalin matsalar ɗakin harsashi ne. Dauɗar shekara tara ta taru a inda tsumma ba ta kaiwa, jaka mai soso ta riƙe laima wata biyar, dauɗar ta sha laimar ta haifi tsatsa. Sabon harsashi mai gindin baƙin ƙarfe bai kawo cutar ba, ya dai fallasa ta. Da mai ita ya ci gaba da irin harsashinsa na da, mai yiwuwa da ya ƙara wata shekara yana jin ɗan nauyi kawai, tsatsa na ci a ɓoye.

Alamar da ta isa ta nuna hanya tun ranar farko tana hannunsa: harsashin da ba a harba ba yana fita, wanda aka harba yana cijewa. Sakata da sanduna da ƙugiya aikinsu ɗaya ne a duka biyun. Abin da ya bambanta shi ne kwanso ya buɗe ya taɓa bango. Cire bututu a irin wannan bindiga ba ya ɗaukar minti ɗaya, ba a kuma buƙatar kayan aiki, don haka tocila kaɗai ta isa ta nuna tsatsar tun a makon farko.

Man feshi bai taɓa matsalar ba, don kaushin ƙarfe ba rashin mai ba ne, ya kuma jawo biyu nasa: danƙo a ramin allura da danƙo a rumbu. Sifirin da sandar katako dama laima ta fara cin su, man ya ƙarasa. Canza ƙugiya shi ne kuskuren da ya fi kama da hankali, tunda ita ake gani tana suɓucewa, amma suɓucewar tata ita ce ta hana ɓarna ta yi yawa; sabuwar da ta riƙe gam ce ta kai ga yage leɓe da tsage katako. Dukan gindi a ƙasa kuwa ya fi duka haɗari, ba don katako ba. Mai yin haka yana tsaye a kan bakin bindiga, sau da yawa da harsasai masu rai a rumbu, ransa a ɓace. Kwanson da ya cije ana fitar da shi ne bayan an zazzage rumbu an tabbatar an riga an harba shi, a zura sandar wanki ta baki a ƙwanƙwasa a hankali.

Shi ma mai gyaran gwajinsa na farko bai cika ba. Ya gwada abin da ya gyara, bai gwada bindigar yadda ake farauta da ita ba, shi ya sa ta dawo bayan kwana huɗu.

Ramukan tsatsa uku suna nan a ɗakin. Da harsashi mai milimita 70 ba a jin su. Da mai milimita 76 mai gindin baƙin ƙarfe, in bututu ya yi zafi, mariƙi na zuwa da ɗan nauyi amma yana zuwa. Mai gyaran ya ce ba za a sake goga ba. In nauyin ya ƙaru, bututun za a canza, tunda a wannan tsarin ɗakin harsashi da bututu abu ɗaya ne, kuma sabo na shiga da kwance murfi ɗaya. Yanzu mai ita na cire bututu bayan kowace fita ya bi ɗakin da buroshinsa, bindigar kuma a kabad mai kulle take kwana, ba a jaka ba.